Tafin Hannu a Ƙofar Alminiyom

Fentin ya sake ɓarewa. Mai otal ɗin da ya ba da aikin ƙofofin ya ce in aka kuma, ya janye aikin.

Mai fenti ya tsura wa ƙofar ido. Ya san alminiyom ba ya shiri da maiƙo. Ya wanke, ya goge da sanfefa, ko yatsa bai ɗora ba.

Sai ya lura: inda ya ɓare, siffar tafin hannu ce.

Babansa makaho ya lalubo cikin shagon, hannuwansa na sheƙi da man zafi.

"In ka fita haɗa fenti, nakan shafa aikinka, ɗana. Ganin da ya rage mini ke nan."

Ƙofar ƙarshe na jingine, a goge, tana jiran fenti.

Mai fenti ya kamo hannun tsohon, ya ɗora a kanta. "Ga ta nan, Baba."