Jarumin Rijiyar Aduwa

"Sulhu?" Jika ya doki ƙasa da gindin mashi. "Maigari, sai dai bayan raina!"

Tun da mazan Garin Dado suka fita ƙwato Rijiyar Aduwa daga hannun makiyayan Attahir suka dawo da kumburarrun kawuna, babu mai marmarin karo na biyu sai Jika. Shi ne ya dawo a ƙarshe, washegari da hantsi, yana ɗingishi, riga sharkaf a tsakiyar bazara, ga jan shati ya zagaye masa ƙirji. Ya ce shi kaɗai ya tsaya a rijiya bayan kowa ya ranta a na kare. Wa zai musa? Wanda ya gudu ai ba shi da bakin shaida.

Daga nan Jika ya zama gwarzo. Mata na rangaɗa masa guɗa, a kasuwar Belbeji har nuna shi ake da baki, shi kuwa daɗi kamar ya kashe shi.

Amma shanu sun fara faɗuwa don ƙishi, kumandan da ke mulkin Tanut kuma ya aiko cewa in aka sake ɗaga sanda, jandarmomi ne za su raba faɗan. Sai Maigari Idrisa ya aika a gayyato Attahir, shugaban makiyayan.

Jika ya yi tsalle ya dire. Ya ce zama da abokin gaba zubar da girma ne, mutanen nan ba sa jin magana sai ta ƙarfe. Ya ce a tare su a hanya. Ya ce ko ƙofar gari kada su taka. Da duk aka ƙi, sai zazzaɓi ya rufe shi. Samari suka ɗauko shi cak, wai ganinsa kaɗai zai karya wa baƙi gwiwa.

Attahir ya durƙusar da raƙuminsa, aka gaisa. Maigari ya haɗiye girman kai, ya roƙi ko rana guda ce a mako a bar garinsa ya shayar.

Attahir ya dube shi da mamaki. "Haba Maigari, ai mu muke ta jiranku. Safiya taku, yamma tamu, an gama wannan magana tuntuni."

"Da wa?"

"Da wakilinku mana, ga shi nan. Sannu, Jika! Da rantsuwa ya ƙulla mana ita daga ƙasan rijiya, kafin mu ɗaura wa raƙumi igiya mu janyo shi."