Direban da Ya Cire wa Katunansa Birki

Ajiye katin kwamfutar nan a kan benci tukuna, Haladu. Na ji buƙatarka, so kake in murɗa masa saiti ya yi gudun da ya fi na kowa. To ja kujera, akwai misalin da nake ba duk wanda ya shigo shagon nan idonsa a rufe irin naka.

Wani mutum ne, direban adaidaita sahu, mai mata da 'ya'ya, ya ji ana ta zancen haƙar kirifto, wato ka bar kwamfuta tana lissafi ana biyanka da kuɗin intanet. Ya sayar da adaidaitar, abin da ke ciyar da gidan kaf, ya sayi katunan girafik irin naka, waɗanda ake sa wa kwamfuta su yi mata lissafin. Ya jera su a kan katako a ɗakin zaure, ya ɗora sola a rufin kwano tunda wutar gari ba abin dogaro ba ce. Wanda ya haɗa masa ya rage wa kowane kati wutar da yake ja, ya bar gudun tsaka-tsaki, ya ce kada a taɓa. Aiki na tafiya, ana samun na cefane, amma bawan Allah ya rasa sukuni. A da ko an yi ranar banza yakan dafa ƙarfen adaidaitarsa hankalinsa ya kwanta, yanzu kuwa arzikinsa duka ya koma wata lambar gudun katunan da ke rawa a allo. In ta sauka sai ya tashi ya leƙa katunan. Ko tuwo yake ci, kunnensa na wajen ƙarar fankokin katunan.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne tsakar rana. Lokacin ne sola ke ba da wuta har ta yi yawa, kuma lokacin ne kwano ke gasa ɗakin, sai katunan su ja birki da kansu, su rage gudu don kada su ƙone. Haka aka ƙera su. Shi kuwa gani yake asara ce tsagwaronta, ga wuta a banza ga katuna sun yi laƙwas. Ga kuma wani a zauren hirar masu haƙar kirifto na waya kullum sai ya turo hoton lambarsa, ta fi tasa, shi direban bai kuma taɓa tambaya ba ko ɗakin wancan da na'urar sanyaya ɗaki a ciki. Sai ya shiga taɓe-taɓe. Yau ya ƙara gudu, gobe ya ƙara wuta, kwamfuta ta sandare, ya kashe ya kunna. Daga ƙarshe ya gano inda ake ɗaga iyakar zafi, ya kai ta ƙurewa, ya kashe ƙarar gargaɗin da ke damunsa. Kuma yaushe ya yi gwaji? Bayan sallar asuba, da sanyin safiya! Haba, direba guda, wanda ya san ba a gwada ƙarfin inji a gangara. Lamba ta hau ta tsaya cak, ya ce ai ya gama da mai turo hoton nan.

Ranar kuwa Juma'a ce, tsakiyar bazara. Matar ta kwashi yara sun tafi gidan suna, shi kuma da zai fita masallaci tsoron ɓarayi ya sa ya rufe tagar ɗakin ruf, ya danna kwaɗo a ƙofa. Sai da aka tayar da salla, yana tsakiyar sahu, tagar nan ta faɗo masa a rai. Wayyo! Gaba mutane, baya mutane, babu halin motsi. Zufa ta jiƙa masa riga, bai san surar da liman ya karanta ba. Ana sallamewa ya tsallake mutane da takalmi a hannu, ya dinga tsayar da adaidaita, kowace a cike, sai ya zuba da ƙafa. Tun daga bakin lungu warin roba ya tare shi. Wayoyin da ke kai wa katunan wuta sun narke, katako ya kama. Maƙwabta da suka ga hayaƙi sun ɓalle ƙofa sun yi ta sheƙa ruwa, Allah ya saka musu, gidan ya tsira. Katunan da wuta ta bari kuma ruwa ya ƙarasa su. Yau adaidaitar wani yake ja, in ya samu.

Ƙarin gudun da ya hana shi barci, Haladu, wallahi bai taka kara ya karya ba. Don haka katinka zan rage masa wuta, in gwada shi da azahar ɗaki a rufe, in kuma bar masa birkinsa. In ba ka yarda ba ɗauki abinka, ba da hannuna ba. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.