Hoton da Babu Mai Rai a Ciki

Ina tsugune a zaure bayan la'asar Baba ya dawo daga gonarsa ta noman rani, rungume da wani zanen fenti. Injiniyan da ke kula da kanal ɗin ban ruwa na Kura ne ya ba shi da zai koma ƙasarsu. Launuka ne kawai, ja da shuɗi, guntu-guntu, kamar an fasa tangaran an watsar.

Kakana Malam ba ya barin hoto a gidanmu. Ya karɓa, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Akwai mai rai a ciki?"

"Babu, Malam," in ji Baba. "Kwano ne da tumatir."

"Ina tumatir ɗin?"

Baba ya dangwala yatsansa mai laka a kan wani jan abu mai kusurwa huɗu. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a rataye. Lakar ta bushe a nan, ba wanda ya goge.

Har Baba ya rasu ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Yau zanen yana falona. Idan 'ya'yana suka tambaye ni kamannin kakansu, tabon nake nuna musu. Ba na jin komai. Nunawa kawai nake yi.