Awon Maƙwabciya

Zauna, ƙanena, tunda ka ce matarka ba sai ta je awo ba. Akwai wata mai ginin tukwane da suka yi ciki wata ɗaya da maƙwabciyarta. Maƙwabciyar ba ta fashin awo. Ita kuwa mai tukwane kullum yumɓu a hannu, ta ce ina ta ga lokacin zaman layi? Sai suka yi dabara: in waccan ta dawo daga asibiti ta raba mata ƙwayoyin ƙarin jini, ta kuma maimaita mata abin da malamar asibiti ta faɗa. In an ce wa waccan “lafiya lau”, sai wannan ta yi hamdala, wai ai watansu ɗaya.

Da ciki ya shiga wata takwas, ƙafafun mai tukwane suka kumbura suntum, awarwaro ya nutse mata a hannu. Kai yana sara, tana ganin wuta-wuta da rana tsaka. Tsoro ya kama ta, ta roƙi maƙwabciya ta tambayo mata. Ita kuma don kada a yi mata faɗan rabon magani, sai ta yi tambayar kamar a jikinta abin yake. Malama ta latsa ƙafarta, ta auna jininta, ta ce, “Ke kam ba ki da komai.” Ta kawo wannan amsa gida, suka yi murna su biyu. Wayyo, wace murna! Ranar gashin tukwane, tana cikin tura kara a wuta, ta yanke jiki ta faɗi dab da ramin gashin. Jijjiga ce. Idanu suka kafe, haƙora suka datse harshe, jini da kumfa a baki, mata suna salati suna jan ta daga bakin wuta. A asibiti aka ce jininta ya daɗe da hawa, awo ɗaya tak da ya nuna. Da ƙyar aka ceto ta, ɗan kuwa an ciro shi ba rai.

Ina wurin ranar, wallahi har yau in na tuna idanun nan sai gabana ya faɗi. Kai kuma ka zo kana ce mini yayarka tana zuwa awo, za ta riƙa gaya wa matarka abin da aka ce. Tashi ka kai ta a duba ta da jikinta, tun kan mu ji ihu daga gidanka. Zanen aro ba ya rufe katara.