Gida Talatin da Shida

Duk ranar Asabar, bayan an sha koko, Malam Dalhatu yakan zuba dayis biyu na lido a kan faranti, ja da fari, matarsa Furera ta sunkuyo ta ga abin da ya fito.

Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a wata sakandare a Gwarzo, bai taɓa samun ɗalibin da ya mai da hankali kamarta ba. Ba abin mamaki ba ne. Ɗalibai jarrabawa suke neman ci, ita ɗanta take nema.

Mudassir, ɗansu ɗaya tilo, ya fita da babur wata Laraba zai je Kabo duba masara, bai dawo ba. Shekararsa ashirin da bakwai. An kai rahoto, an rubuta a littafi, an rufe littafin. A kwana na uku Furera ta yanke jiki ta faɗi, likita ya ja Malam gefe ya ce zuciyar nan ba za ta ɗauki labari mai nauyi ba.

Asabar ta farko Malam ya je cigiya ƙauyen Durun. Ya dawo da la'asar, bai ci abinci ba. Washegari ya manna kwali a bangon ɗaki, ya zana gida talatin da shida, shida a tsaye shida a kwance, kowane gida da sunan wuri: ƙauye, tasha, kasuwa, asibiti. Ya ɗauki jan biro ya soke Durun, ya ce nan kam an duba. Daga ranar, inda dayis ya nuna, can za shi. In ya faɗa gidan da aka soke, a sake zubawa.

Liman ya ji labari, ya tambaya a hankali ko abin nan ba ɗan'uwan caca ba ne. Malam ya ce a'a, a caca ai wani yakan ci.

Ya koya wa Furera darasin da yakan kayar da rabin aji. Idan aka zuba dayis biyu, damar shida da shida ɗaya ce cikin talatin da shida. Amma in wani ya leƙa ya ce maka aƙalla ɗaya daga ciki shida ne, gida goma sha ɗaya suka rage, dama ta koma ɗaya cikin sha ɗaya. Dayis bai motsa ba. Abin da ka sani ne ya canza.

Furera, wadda ta tsaya a firamare, ta gane nan take. Duk gidan da aka soke, rabon sauran ƙaruwa yake. Saboda haka duk Asabar ɗin da Malam ya dawo shi kaɗai, ita ci gaba take gani. Ɗaya cikin talatin. Ɗaya cikin ashirin. Ta fara cin abinci, ta koma shan maganinta ba sai an roƙe ta ba. Ba ta kama sunan ɗan fari, sai dai ta ce yaron nan yana ƙara matsowa.

Ita ke goge masa takalmi in ya dawo. Ta lura ko Gammo ya je ko asibitin birni, jar ƙasa iri ɗaya yake kwasowa, ga hannunsa kullum da kartar ƙaya. Ta ce ashe duk wuraren nan ƙasarsu ɗaya. Ya ce haka ne.

Da gidaje suka rage goma sha ɗaya, Malam ya fito da sabuwar doka: zubi uku kawai a mako. In duk suka faɗa inda aka soke, ba a soke komai, sai dai ya fita ya ɗan zaga. Ya ce ƙa'idar lissafi ce. Babu littafin da ke ɗauke da wannan ƙa'idar, amma Furera ba ta da littafi.

Dokar ta ja lokaci. Ba ta tsayar da shi ba. Biyar, uku, biyu. A wata na goma sha biyar gida ɗaya ya rage, na kusurwar ƙasa, shida da shida: ƙauyen Jama'a. Malam ya lissafa a ransa cewa da zubi uku zai iya samun kamar mako goma sha biyu. Ya samu huɗu.

Ja ya tsaya a shida. Fari ya yi ta juyawa a bakin farantin, shi ma ya tsaya a shida.

Furera ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Malam, ɗaya cikin ɗaya. Ko na yi kuskure?”

“Lissafinki daidai ne,” in ji shi.

Ta miƙe da ƙarfin da bai ga tana da shi ba tun bara. Ta zuba dambun zogale a kwano, don yaron nan yana so, ta ɗauko hular da ta saƙa masa ta naɗe a leda. Ta ce su taho kafin magariba, za ta share ɗakinsa.

A tasha ɗan kamasho bai tambaye shi ina za shi ba. Ya nuna masa motar Kabo, mazaunin gaba, kamar kullum.

Ya sauka a Durun, ya bi jar hanyar da ke bayan gari, ya sari reshen ƙaya kamar yadda ya saba. Ya ajiye kwanon da hular, ya durƙusa ya gyara kan kabarin baƙon da mutanen ƙauyen suka tsinta a gefen hanya wata Laraba, suka yi wa sutura tun kafin rana ta faɗi, baƙon da mai unguwa ya nuna masa hotonsa a waya tun Asabar ta farko.