Turancin Mai Ƙosai

Ka ce ka zaɓo Turanci mai laushi ka gaya wa abokin aikinka ya kwantar da hankalinsa, shi kuwa sai ya ƙara hasala. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wata tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin tashar mota, ana ce mata Gwaggo Tasalla. Ɗanta ɗaya ne tilo. Aiki ya kai shi Kudu, a can ya ga yarinya ya aura. Uban yarinyar tsohon shugaban makaranta ne, mutum mai tsare gida, wanda ko baƙo ya karya Turanci a gabansa sai ya gyara masa. Bai so auren ba, 'yar ce ta kafe. Da cikinta ya tsufa, mijin ya kawo ta wajen uwarsa ta haihu, sai uban ya aiko cewa zai zo suna. Kowa ya san abin da ke ransa: in ya ga alamar wulaƙanci ko ƙasƙanci, da 'yarsa da jikansa zai koma.

Abin ya tsaya wa tsohuwa a rai. Baƙo zai keto ƙasa ya zo, ba ya jin Hausa, ita kuma ko sannu ba ta iya da harshensa ba. Kunya ta hana ta tambayar ɗanta, sai ta mai da tasha makaranta. Akwai wasu direbobi biyu, aminan juna, da ke karyawa a wurinta kullum. Ta lura duk safiya in sun haɗu, ɗaya zai ɗaga hannu ya ce, "Yusiles man!" ɗayan ya mayar masa, su rungume juna suna dariya. Ta ce a ranta, lalle wannan ita ce gaisuwar masoya. In kuma ɗaya ya cika surutu, ɗan'uwan zai tura masa kwanon ƙosai ya ce, "Sharap!" Ta ce wannan ita ce bisimillarsu. Wata biyu tana juya ƙosai tana maimaitawa, har suka zauna mata a baki. Ba ta san ta farko tana nufin mutumin banza ba, ta biyu kuma rufe mana baki. Kalmomin tsokana ne, irin waɗanda in baƙo ya faɗa maka sai an raba ku.

Ranar suna da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Dattijo ya fito da sandarsa ya shigo gidan, matarsa na biye, fuskar nan kamar hadari. Gwaggo Tasalla ta taho da sauri har mayafinta na zamewa, ta durƙusa, ta ɗaga hannu biyu, haƙoranta duk a waje, ta ce da ƙarfi, "Yusiles man!"

Tsakar gida ta yi tsit. Ɗanta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Dattijo ya ƙanƙance ido, jijiyar wuyansa ta tashi, ya buɗe baki zai yi magana. Ita kuwa da ta ga an yi shiru, sai ta ɗauka gwaninta ce ta burge su. Ta jawo kujera ta kakkaɓe da bakin zanenta, ta ajiye masa akushin tuwon shinkafa da kaza biyu a sama, ta tura gabansa cikin ladabi ta ce, "Sharap."

Matar dattijon ce ta fara toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Shi kuma ya tsaya yana duban tsohuwa. Ya ga idonta ya ciko da ƙwallar murna, ya ga hannun da mai ya ƙoƙƙone yana yi masa fifita. Shekara arba'in yana koyar da yara, ya san fuskar mai zagi, wannan ba ita ba ce. Ya juya ya tambayi surukinsa a ina uwarsa ta samo waɗannan kalmomi. Ɗan ya tambaye ta, ta ba da labari tiryan-tiryan, tana alfahari, ta ce don kada baƙonta ya ji kewar gida ne.

Da ɗan ya raɗa mata ma'anar abin da ta faɗa, sai ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Surukin nawa na zaga?" Ta yunƙura za ta gudu ɗaki. Dattijo ya tare hanya da sandarsa, dariyar da yake dannewa ta ƙwace, ya yi ta yi har tabarau ɗinsa ya faɗi. Ya ce a gaya mata an sha yi masa maraba da Turanci tsantsa, amma ba a taɓa ɓata wata biyu dominsa ba. Sannan ya wanke hannu ya ci tuwon nan, ya nemi ƙari, ya ce a miƙo masa jikansa.

Wanda ya zo da niyyar kwana ɗaya, sai da ya yi mako. Ya koma gida shi da matarsa da buhun gero da tulun man shanu, ya bar 'yarsa a ɗakinta.

Saboda haka kafin ka sake zuwa wurin abokin aikin nan naka, ka bar zaɓen kalmomi tukuna, ka tsaya gaban madubi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.