Yaran da Ba Su Cikin Rahoto

"Gobe za mu dakatar da allurar," in ji shugaban kwamitin lafiya a Anka. "Rahoto uku sun ce an yi wa kowane yaro a ƙauyen, amma ga tara kwance da ƙyanda. Maganin ne bai da kyau."

Khairiyya, wadda ta tattara rahotannin, ta roƙi a ba ta zuwa la'asar. In aka dakatar, ƙauyuka arba'in za su shiga bazara babu rigakafi.

Ta hau babur zuwa ƙauyen. A gidan farko ta tarar da yarinya a ɗakin kakarta, jiki duk ƙuraje.

"Yaranki nawa?" ta tambayi uwar.

"Biyu. Duk an yi musu."

"Wannan fa?"

Matar ta sunkuyar da kai. Kakar ce ta amsa: "Ta fari ce. Da wane ido za ta ƙirga ta?"

Gida tara ta shiga, duk 'yan fari ne ke kwance.

Khairiyya ta zauna kan dakali. Ita ta tsara tambayar da masu allura suka bi. Kuma shekara talatin Innarta na cewa 'ya'yanta huɗu, alhali da Khairiyya su biyar ne.